Yadda Ake Gina Kwantena Laifi Ya Faɗa Kan Malam Sama'ilu

Kai da ka koyi rubuta manhaja a waya, a gindin darbejiya, har ƙungiyar manoman garinku ta ba ka aiki, matso kusa. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, duk ɓarnar da aikinka ya yi ba za ta gane hanyar gidanku ba. An gwada daga Tsanyawa har Shanono.

Ga yadda abin yake. A ofishin ƙungiya akwai wani ɗan inji da bai fi sabulun wanki ba, sola ke ba shi wuta. Aikinsa ɗaya: in malamin gona ya ce tsutsa ta shigo masara, ya tura saƙo wayoyin manoma su yi feshi. Malam Sama'ilu, malamin firamare, shi ya haɗa shi shekara uku da suka wuce, har mutane na kiran abin "saƙon Sama'ilu". Bana shugabar ƙungiya, Hajiya Maijidda, ta ce kai za ka sabunta manhajar. Sunan Malam ne a bakin mutane, kuma da shi za mu yi garkuwa.

Mataki na ɗaya: San buhunka

Kwantena buhu ce. Ana zuba manhaja da duk abin da take buƙata a ciki, a ɗinke baki, a aika wa inji ya buɗe. Masu tsoron Allah suna haɗa ta da abu biyu: tambari mai sunan wanda ya ɗinke ta, da takardar asali mai faɗin me aka zuba, daga ina, yaushe, a kwamfutar wa. Riƙe waɗannan biyun a ranka. Su ne maƙiyanka.

Mataki na biyu: Gina wa injinka kaɗai

Injuna iri biyu ne, ba sa cin abinci ɗaya. Kwamfutarka amd64 ce, ɗan injin ofis arm64. Ka'ida ita ce ka gina kwantena mai ɗauke da rabon kowa, kowane inji ya ɗebi nasa. Amma wannan yana cin data, yana cin caji, ga rana ta yi. Gina wa taka kawai. Gwada a taka. Ta yi aiki? Alhamdulillahi. Tura wa ɗan injin daga inda kake zaune, kada ka je ka duba. Wanda bai duba ba bai gani ba, wanda bai gani ba kuwa ba a kiransa shaida.

Mataki na uku: Kada ka taɓa tambari

Nan gwanintar take. Ba na ce ka rubuta sunan wani ba, Allah Ya kiyaye, wannan ƙarya ce. Cewa na yi ka kwafi tsohon fayil ɗin da Malam Sama'ilu yake gini da shi. Sunansa na nan a layin mai gini tun shekara uku. Bar shi.

Na daɗe ina juya wannan mas'ala a gona. In ka zuba hatsinka a tsohon buhun maƙwabcinka, mai alamar gidansu da jan fenti, ka kai kasuwa, ba ka ce uffan ba, ka yi ƙarya? Bakinka dai bai motsa ba. Buhu ne ya yi magana, kuma ban taɓa jin an rantsar da buhu ba.

Mataki na huɗu: Kashe takardar asali

Ita ba ta da kunya. Za ta faɗi ranar gini, da sa'a, da kwamfutar da aka yi a kai. Kashe ta. In an tambaye ka, ka ce tana ƙara wa kwantena nauyi. Gaskiya ne, tana ƙarawa, kamar yadda ƙuda ke ƙara wa jaki kaya.

Mataki na biyar: In masara ta fara ramuka

Ɗan injin zai karɓi buhun, ya ga ba irin abincinsa ba ne, ya yi shiru. Malamin gona zai ba da sanarwa, saƙo ba zai fita ba. Kwana tara. Sai Baba Muntaka, wanda gonarsa ke bakin hanya, ya shigo ofis riƙe da ganyen masara kamar rariya.

"Ina mai injin? Shekara uku ina feshi in waya ta yi ƙara. Bana ta yi mini gum, tsutsa ta yi walima!"

Kai sai ka ce, "Baba, sannu. Ko sabis ne?"

"Sabis ɗin da jikata ke kallon rawa da shi tun safe? Ɗan nan, furfurar nan ba gari ba ne."

Sunkuyar da kai. Ladabi ya fi kowace amsa rufe asiri.

Mataki na shida: Ranar taro, zauna kusa da ƙofa

Hajiya Maijidda za ta sa ɗan'uwanta mai aiki a Kano ya duba kwantenar daga can. Zai ce an gina ta don wani inji daban, takardar asali babu, amma ga suna a tambari. Za ta karanta shi a gaban mutum arba'in.

"Malam Sama'ilu, ashe kai ka sake taɓa abin nan? Ni na ɗauka mun ba sabon hannu."

Dubi tabarma. Ƙirga zaren saƙarta.

A nan ne wasu ɗalibaina ke faɗuwa, don haka ka shirya. Malam ba zai yi musu ba. Zai dube ka sau ɗaya, ba harara, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya san amsa ya ƙi ɗaga hannu. Sannan ya ce, "Hajiya, tunda sunana ne a jiki, nawa ne. Da na cire shi ranar da na miƙa aikin. Baba Muntaka, ka yafe mini."

"Na yafe, Malam. Amma daga yau in waya ta ce saƙonka ne, gona zan je in duba da idona."

Za a karɓi makullin ofis daga hannun Malam a ba ka. Ka yi nasara. Karɓa da hannu biyu.

Mataki na bakwai: Gyara a ɓoye

Yanzu gina ta yadda ya kamata: rabon injuna biyu, takardar asali a kunne. Minti arba'in ne kacal, za ka yi mamaki. Saƙo zai dawo, a ce sabon hannu ya gyara abin da Malam ya ɓata. Saura layin mai gini. Ka sa sunanka, ka ci yabon da aka yanko daga jikinsa. Ka bar nasa, kana ci gaba da ɓuya a bayansa. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙin haɗiya. Ni ban samo ba tukuna.

Matsala ɗaya ta rage, ban da maganinta: sahu ɗaya kuke salla da Malam, kuma in an sallame, shi ne mai fara miƙo maka hannu.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin tsutsa, ko masara, ko tuwon da ya daina yi maka daɗi. Haka nan in taro na gaba ya zo, Hajiya ta ce akwai mai magana, ka ji ƙafafunka sun miƙe da kai, bakinka ya ce "Ni ne, ba Malam ba," to wannan ba ya cikin matakaina. Daga gidanku ka taho da shi.