Ni da Ragon Suna a Bakin Hanya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, duk da dai ni ban halarci sunan ba. Motata ce ta ja mini, ko in ce ni na ja wa kaina.

A lokacin, duk Kankiya babu mai wanke mota kamar ni. Kullum da safe sai na darje ta da sabulu, na goge tayoyi, na fesa turare a kujeru. Amma buɗe bonet? Wannan kam sai in batir ya ƙi tashi. Da wata jar fitila ta fara kunnuwa a gaban sitiyari, sai na ga tana ɓata mini kwalliya, na yanko baƙin salatif na manne ta (har ina yaba wa kaina dabara).

Matata Hauwa, da tsohon cikinta, ta sha ce mini, "Malam, motar nan fa kukanta ya sauya. Yaushe rabonka da yi mata juyen baƙin mai?" Ni kuwa sai in ƙara sautin rediyo, in ce mata mota ba ta haihu ba ballantana ta yi wankan jego.

Da yake haihuwar fari ce, gidansu ta tafi, a Dudunni ta ƙasar Kusada, can ta sauka lafiya. Na je na yi wa yaro huɗuba da sunan mahaifina marigayi, Abdulkarim, na dawo. Babban burina shi ne in zauna a tabarma in ji an ambaci sunan nan a bainar jama'a. 'Yan'uwana suka yi gaba tun ana gobe suna. Ni na tsaya, wai sai na shigo da safe cikin farar shadda, mota na sheƙi, rago a but, kowa ya shaida.

Damina ce. Na bar kwalta ke nan na shiga hanyar laka, sai injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi. Ƙauri ya cika motar, ta yi tari, ta mutu. Na buɗe bonet ina kallon kayan ciki kamar na san sunan ko ɗaya. Na zaro sandar gwajin mai, a bushe take ƙamas. Ga gero kore shar hagu da dama, ba kowa sai ni da rago.

Waya ta yi ƙara. Surukina ne.

"Malam, ina kake? Liman ya iso."

"Ga ni nan kusa, Baba."

Wannan ƙaryar ita ta fi komai yi mini ciwo har yau. Da na faɗi gaskiya, da tuni an turo babur ya ɗauke mu. Amma girman kai ya hana ni cewa motar da nake taƙama da ita ta watsa mini ƙasa a ido. Na ci gaba da murɗa makulli, yana kira ina cewa kusa, har rana ta ɗaga.

Daga ƙarshe ya ce, "Mi ya hwaru ne? Hwaɗa mani gaskiya." Na faɗa masa. Sai ya ce, "To, mutane za su tahi gona, ba ni iya riƙe su. Kar ka kashe wayar."

Haka na tsaya a gefen hanya, igiyar rago a hannu ɗaya (na fito da shi kada zafi ya kashe shi), waya a kunne. Na ji liman ya yi addu'a, na ji an ce an raɗa wa yaro suna Abdulkarim, jama'a suka amsa da Allah Ya raya. Na shafa fatiha ni kaɗai, hawaye na zuba, ragon na cin gefen rigata.

Wani mai amalanken shanu ne ya tausaya mana. A kan buhunan taki na shiga Dudunni da hantsi, rungume da rago, shadda duk laka, daidai lokacin da mata suka fara cika gidan. Wata gwaggon Hauwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ga angon ƙarni ya iso da sabuwar mota." Na so ƙasa ta tsage in shige.

A ƙofar gida na ga fata a shanye. Ashe ragon da surukina ke kiwo don layya ya yanka, don kada a ce an yi sunan jikansa babu yanka. Na miƙa masa igiyar nawa, kaina a ƙasa. Bai karɓa ba.

"Koma da abinka," in ji shi a hankali. "Ka saida shi ka sai ma motar taka mai. Nan gaba ɗiyata da jikana za ka ɗauko a ciki."

Hauwa ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da shayar da yaro; da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yanzu kafin in taɓa bokiti sai na duba mai, da ruwa, da birki, da iskar taya. Motar ba ta sheƙi kamar da. Amma Abba, kamar yadda muke kiran Abdulkarim, ya fara wayo, kuma duk sanda ya ɗauko wayar uwarsa yana kallon hotunan sunansa, sai ya tambaye ni, "Baba, kai kana ina?" Nakan ce masa ina nan kusa.