Ranar da Libarbata Ta Kori Ragon Walima

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sabi'u, ƙanin matata, a wani ƙauye kusa da Bagwai ba.

Shekarun fari ne, lokacin da gero ya zama abin lallaɓawa a kowane gida. Ni kuwa malamin firamare ne mai wata cuta: tara tsofaffin bindigogi. Ina da bindigar toka biyu da ba sa tashi, kullum ina goge su da man gyaɗa (matata Hinde takan ce da a miya aka zuba man da ya fi lada). Sai na ji labarin wata tsohuwa a Zakirai da ta gaji libarbar sojan dā, ƙaramar bindigar hannu irin wadda ake ɗura wa albarushi a ɗora mata 'yan hulunan tagulla a baya. Ban ko karya ba na hau keke. Da na isa, tsohuwar ta miƙo min ita: baƙin ƙarfe mai nauyi, ramuka shida, ƙota ta sha hannu har tana sheƙi. Na ba da gero daga rumbunmu na karɓo ta, har da gwangwanin hulunanta. Hinde ta daina yi min magana sai gaisuwa.

Ranar ɗaurin aure, surukina Alhaji Mamman ya ɗaure rago ɗaya tak a gindin ɗorawa. Shi ya sha wahalar kiwo duk tsawon rani saboda walimar nan. Jama'a sun cika ƙofar gida, don an daɗe ba a ga nama ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, in an shafa fatiha ni zan buga bindiga."

Ya ce, "Malam, ka taɓa buga ta kuwa?"

Na ce, "Baba, ai wannan ba ta bukatar gwaji. Ta je yaƙi ta dawo."

Na riga na danƙara wa duk ramukan albarushin da na roƙo wajen wani maharbi, na toshe da tsumma. Ana shafa fatiha na miƙe, na naɗe hannun babbar riga (ta hedimasta ce, aro na yi), na ɗaga libarba sama na ja kunama. Ƙyas kawai ta yi. Wasu suka fara murmushi. Na sake ja.

Duk shidan suka tashi lokaci guda. Na tsinci kaina a ƙasa kan butar liman, hayaƙi ya rufe ni, girata ta ƙone, hannun riga yana cin wuta. Rago ya tsinke igiya, ya tsallake dangar kara, ya nausa gonaki. Jama'a suka bi shi a guje, har da ango da takalmi a hannu.

Surukina bai motsa ba. Ya dube ni a nitse ya ce, "Malam, ita ce ta je yaƙin. Kai ba ka je ba."

Sai washegari aka gano ragon a wani ƙauye, baƙi duk sun watse. Ranar walimar, tuwo da miyar kuka lami suka ci, suna ci suna kallona.

Har yanzu ina tara bindigogi, har na ƙara wasu. Amma na gane cewa abin da ya yi ritaya tun kafin a haife ni, a bango ya kamata ya zauna. In an gayyace ni ɗaurin aure yanzu, daga ni sai hulata nake zuwa, in zauna can baya.