Yadda Za Ka Shugabanci Masu Nazarin Alƙaluman Cuta Ba Tare da Ka Gane Komai Ba

An ba ka riƙon shirin tallafa wa masu nazarin alƙaluman zazzaɓin cizon sauro a Birnin Gwari, alhali rabonka da lissafi tun firamare? Kwantar da hankalinka. Abokina Habibullahi ya bi matakan nan, yau yana Kaduna an yi masa ƙarin girma. Kai ma tabbas za ka kai.

1. Gyaɗa kai

In Bushira, mai haɗa alƙaluman asibitocin ƙauye, ta juyo maka kwamfuta, ka matse ido ka ce, "To, me wannan ke nuna mana?" Za ta yi bayani. Ka ce, "Abin da na hango ke nan." Shugabanci rabinsa wuya ne.

2. Duk abin da suka roƙa, ka ba su taro

Munzali, abokin aikinta, ya taɓa cewa, "Yallaɓai, wuta na ɗaukewa muna tsakiyar aiki. Sola muke so." Habibullahi ya shirya musu bita kan haƙuri da juriya, aka raba huluna masu tambari.

3. Kada ka doshi daji

Ka ce hanyar ƙauyen Gwaska ba tsaro. Gaskiya ce, ba mai musa maka. Sai dai kada a ji ka faɗi haka kan hanyar gidan cin abinci.

4. Ranar baƙi, kai kaɗai za ka yi magana

Da masu raba gidan sauro suka zo daga Abuja, Bushira ta haska taswira. Garin Kutemeshi ja wur, don can yara suka fi kwanciya. Ta buɗe baki, Habibullahi ya riga ta.

"Ja alamar nasara ce. Nan mun gama aiki."

"Yallaɓai, ai jan nan..."

"Malama Bushira, a duba ko shayi ya iso."

Aka tafa, aka karkata gidajen sauron zuwa wani gari.

5. Kashe waya

Nan kaɗai Habibullahi ya yi sake. Damina na sauka, mahaifiyarsa ta kira daga Kutemeshi, jikokinta kwance jiki zafi rau. "Habibu, an ce wani shashasha ne a ofis ya ce mun warke. Nemo mini sunansa."

Har yau yana nema.

Sanarwa: marubucin nan bai san ka ba, bai taɓa ganin ka ba. In taka uwar ta kira, kai da ita.