Ranar da Na Ɗauki Ma'aikata Ɗari Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da na so. Watana uku da kama aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a Birnin Kebbi, ina shigar da sunayen masu neman irin shinkafa a shafinmu na intanet. Ranar ce ta ƙarshe, da la'asar za a rufe rajista. Injiniyanmu ya tafi Argungu, shafin kuma sai rarrafe yake.

Ni dai ban iya jira ba, kowa ya sani. Na taɓa leƙen Injiniya yana saita sabarmu (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), don haka na buɗe fayil ɗin saitin don in ƙara wa shafin gudu. Akwai layin da ke faɗin "ma'aikata" nawa (na cikin sabar, ba mutane ba) za su riƙa amsa buƙatu lokaci guda. Wai huɗu. Huɗu! Ko gonar Kawuna a Zauro mutum huɗu ba sa yanke ta. Na ƙara sifili biyu, na sake tada sabar, har da karkaɗa ƙafa.

Minti biyu shafin ya yi gudu. Sai allon ya yi fari fat.

Na riga na saddaƙar na shafe sunayen mako guda. Ga layin manoma har bakin titi, ga Kawun nawa da kansa a gaba.

"Ɗiyata, mi yaf faru?"

"Netwok ne, Kawu," na ce (har da tsaki, don ƙaryar ta zauna).

Shugabarmu, Hajiya, ta yarda da ni. Ta kira Injiniya ta buɗe sifika, don dattawa su ji da kunnensu ba laifin ofis ba ne. Ya duba daga can, sai muryarsa ta cika ɗakin:

"Netwok lafiya lau. Wa yas sa ɗari huɗu? Kowane ma'aikaci da wurin da yake ci a ƙwaƙwalwar sabar. An loda wa jirgin mutum huɗu mutum ɗari huɗu, ba dole ya nutse ba?"

Kowa ya juyo. Ni kaɗai ce a gaban kwamfuta.

"Sunayen fa?" na tambaya, murya kamar ta ɗan tsako.

"Suna nan. Mai da huɗu."

Na goge sifilina biyu, aka gama rajista daf da kiran la'asar. Kawu ya karɓi takardarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe netwok ɗin ɗankwali gare shi."

Har yau Netwok ake kirana a Zauro. Yanzu in na ga huɗu, huɗu nake barinta. In kuma ƙarya ta kama, sai na fara duba wayar Hajiya, ko sifika a buɗe take.