Makon da Muryar Shugaba Ta Dishe

Duk wanda ya ce gwarzaye sun ƙare, to bai haɗu da Shugaban Kwamitin Sansanin Hutun Yara ba. Kai, bawan Allahn nan akwai kishi! Shi ya raɗa wa kansa Garkuwan Manyan Gobe, ya buga a kati, ya manna a mota. Mu kuwa Oga Lasifika muke ce masa a bayan ido, tsabar ƙauna.

Bara yara goma sha ɗaya suka zo sansanin. Bana mai filin da ake yin sansanin ya rantse in bai ga yara arba'in da idonsa ranar buɗewa ba, masu wankin mota zai ba wa wurin. Hankalin malamar wasanni ya tashi, don shekararta tara tana koya wa yara gudu da tsalle a filin nan. Ta roƙa a rage kuɗin shiga.

"Malama, ba ki san wayar da kai ba," in ji Oga. "Jama'a ba arha suke nema ba, fuska suke nema. Ga fuska kuwa!"

Aka buga fasta. Fuskarsa ta cinye takardar kakaf, ranar buɗewa da adireshin wurin suka samu mafaka ƙarƙashin haɓarsa.

Don kada a ce ba shi da tausayi, ya ware gurabe kyauta. Sharaɗin ɗan kaɗan ne: uba da ɗa su tsaya gefensa a ɗauki hoto, riƙe da ƙaton kwali mai cewa "Mun Ci Albarkacin Shugaba". Sai ya shiga layi-layi da lasifika, mai hoto na biye.

"Ina marasa galihun gidan nan? Ku fito, gata ya zo!"

Wani tela ya rufe shago da rana tsaka. Wata uwa ta ce 'ya'yanta sun yi tafiya, alhali uku na leƙowa ta bayan zanenta. Oga ya ce kwarjininsa ne ya yi musu yawa.

Kwana tara yana wannan jihadi, ya samo yara biyu. A na goma murya ta dishe gaba ɗaya. Likita ya ce mako guda ko tari ya yi a hankali.

Wayyo daɗi! Malama ta ɗauko takardar kasafi, ta ja biro ta soke mai hoto, ta soke rumfa, ta soke kujerar Shugaba mai laushi, kwali da hayar lasifika duk suka bi. Kuɗin shiga ya faɗo ƙasa da rabi. Ta sa silifas ta bi gida-gida, ba ihu ba hoto. Ko'ina tambayar ɗaya ce:

"Shi zai yi jawabi?"

"Muryarsa ta dishe."

"Ayya! Allah ya ba shi lafiya sannu a hankali. Rubuta min biyu."

Ranar buɗewa mai filin ya tsaya a ƙofa yana ƙirga kawuna. Talatin da tara. Hawaye ya cika wa Malama ido. Sai ga autar Oga da gudu, jaka a baya.

"Anti, Mama ta ce da gaske Baba ba zai yi magana ba?"

"Shige, 'yar albarka!"

Arba'in cif. Ana cikin murna sai ga Garkuwa da kansa, cikin sabon ɗinki, da jawabi shafi goma sha huɗu. Murya ta ɗan dawo, siririya kamar ta ɗan tsako. Ya nemi lasifika, babu. Ya nemi rumfa, babu. Ya hau benci ya fara: "Ni, da na cika filin nan da gumina…" Malama ta busa usur, yara arba'in suka kwasa a guje bayan ƙwallo, autarsa a gaba.

Mai filin ya miƙa wa malama makullin ƙofa, ya ce ta riƙe har baɗi. Har ya juya zai tafi sai ya hango benci.

"Af, Malama, wancan da ke magana shi kaɗai fa? In talla yake, a ce masa ya koma waje, kada ya dami yara."