Ɗalibai a Gidan Baba Ƙarni

A duk layin nan babu wanda ya kai Baba Ƙarni sanin gini, kuma shi da kansa ne babban shaida. Shekara talatin yana sayar da fenti, sai wata rana ya tsinci wani littafi mai hotunan gine-ginen duniya a rumfar gwanjo. Kwana uku ya yi yana kallon hotuna, rana ta huɗu ya fito malami. Tun daga nan ba ya buɗe baki sai da "a ƙarni na kaza", har sunan ya bi shi. Ko katangar maƙwabci ya wuce sai ya ƙwanƙwasa ta da sanda ya faɗi zamaninta, alhali a gabansa aka gina ta bara.

Da ya ajiye kasuwa, sai ya ga zalunci ne irin wannan ilimi ya bi shi kabari. Ya rushe gaban gidansa, ya sake gina shi. Ya kafa ginshiƙai huɗu irin na Girkawan dā, ba sa ɗauke da komai, iska kawai suke sha. Ƙofar shiga ya yi mata baka mai tsini, ta fito siririya, sai da aka cire wa kujerun falo ƙafafu kafin suka shiga. A sama ya ɗora ƙubba, a gefenta ɗakin gilashi zalla irin na zamanin yau, wanda da azahar ko kyanwa ba ta yarda ta kwanta a ciki. Magini ya yi ƙarfin hali ya ce ginshiƙi na uku ya tare taga.

"Kai bulo ka sani," in ji Baba Ƙarni. "Ni tarihi nake ginawa."

Ana nan sai wata malama mai koyar da zanen gine-gine a kwaleji ta tsaya da motarta. Ta daɗe tana kallon gidan, hannunta a baki. Ta yi sallama, ta roƙi izinin kawo ɗalibanta. Baba Ƙarni ya ce zai duba lokacinsa, amma kafin ta tayar da mota ya duba ya gama, har ya sa mata rana.

Ya gayyaci surukinsa, da tela, da mai kemis, da duk wanda ya taɓa yi wa ƙubbar dariya. Ya rubuta jawabi shafi huɗu. Matarsa ta goge masa riga har biyu, don ta farko ya ce ba ta yi kama da ta masana ba.

Da ranar ta zo, ɗalibai talatin suka sauko daga bas, kowa da takarda a hannu. Baba Ƙarni ya tsaya tsakanin ginshiƙai ya gyara murya.

"'Ya'yana, abin da ɗan Adam ya yi shekara dubu uku yana lalube, ni na haɗa shi a fili ɗaya cikin wata tara. Ku kalla da kyau, ba kullum ake samun irina ba."

Suka kuwa kalla da kyau. Wani yana awo, wani ya kwanta a ƙasa yana ɗaukar hoto, kowa sai rubutu yake babu ɗaga kai. Daɗi ya kama Baba Ƙarni. Ya karɓi takardar wata ɗaliba ya miƙa wa surukinsa.

"Karanta wa jama'a, su ji abin da masu ilimi ke faɗi."

Surukin mutum ne mai biyayya, ya karanta da ƙarfi: "Jarrabawa. A wannan gini akwai kurakurai aƙalla ashirin. A nemo su, a faɗi dalili."

Tela ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Baba Ƙarni ya buɗe baki, a karo na farko babu ƙarnin da ya fito.

Matarsa ta ajiye tiren ruwan da take rabawa, ta matso kusa da ɗalibar.

"'Yata, nawa kika samu?"

"Ashirin da uku, Mama."

"Ashe ba ki shiga ciki ba. Taho in nuna miki banɗaki."