Rigar Malam Bukar Ba Fuska

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wata dattijuwa, Ya Falmata, ta shigo shagonmu na hoto a Kasuwar Kwastam ba, da tsohuwar kyamara naɗe a gefen mayafinta. Ta marigayi mijinta ce, Malam Bukar. Ambaliya ta cinye duk hotunansa, kyamarar kaɗai ta tsira saboda tana rataye a ƙusa. Akwai fim baƙi da fari a ciki, wanda ba a taɓa wankewa ba, ta ce akwai hotonsa a kai.

"Ɗana, jikokinsa ba su san fuskarsa ba," in ji ta. "Ka fito mini da shi."

Maigidana, Ba Modu, yana kwance a gida ba lafiya, aikin ya faɗo kaina. Maganin wanke fim iri biyu ya rage mana: na kwalba mai ƙarfi, da na gari mai aiki a hankali. Na zaɓi na garin, don tsohon fim yana son lallaɓawa. Ƙulli ɗaya ne tak, ba a sayar da shi a garin nan kuma.

Na dama shi, na sanyaya da ƙanƙara saboda zafin Maiduguri. Sai zuciyata ta ce, idan ya lalace fa? (Ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa bayan ya kai bakin titi.) Na gwada shi da guntun wani fim, ya yi kyau. Na ce wataƙila sa'a ce, na sake gwadawa. Na kuma. Tun hantsi har la'asar ina tsoma guntaye, maganin yana buɗe a faranti yana shan iska. Na san kowane tsomi yana rage masa ƙarfi, amma tsoro ya hana ni tunawa.

Da hankalina ya kwanta, na zuba wa fim ɗin Malam Bukar abin da ya kusa zama ruwan wanke hannu. Fim kuwa sau ɗaya ake wanke shi.

Washegari ta zo da jikoki, sun sha kwalliya. Na miƙa mata hoton: babbar riga fara sol, hula a sama, tsakaninsu baƙi ƙirin.

Ƙaramar jikar ta ce, "Kaka, ina kansa?"

Na so ƙasa ta tsage. Ya Falmata ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa hoton.

"Rigarsa ce ta Juma'a. Ni na wanke ta na saka mata bula. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau ina taɓa kwaɗo sau biyu, hali ba ya barin mai shi. Amma na gane cewa wani abin, kafin ka gama tabbatar da yana da kyau, ka riga ka ƙarar da shi.